Oddvar da Gwangwanin Giris

Oddvar Myklebust bai iya jin ƙarfe na kuka ya wuce ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙaramin jirgin bincike na mashigin tekunmu, kullum da gwangwanin giris a aljihu. Ko ƙofar coci ce ta yi ƙara, kafin a tashi ya shafe ta. Matarsa Borghild takan ce da ita ma ƙarfe ce, da ta ga gata.

Wata bazara Dakta Ingunn ta zo ɗibar lakar ƙasan teku da 'yan mitsi-mitsin halittun da ke yawo a ruwa, don ta auna man da ke jikinsu. Halittun suna da nasu mai na asali; na fetur ake tsoro. Dokarta ɗaya ce: duk abin da zai taɓa lakar, kada maiƙo ya kusance shi.

Bayan mako biyu ta tara mu a ɗakin shan kofi na tashar jirgi. Halittun lafiya lau, amma lakar wuri bakwai duk da man inji. In ta miƙa rahoto, za a hana kamun jatan lande sai an gano tushensa. Jirage tara ke ci daga nan, har da na Steinar, mijin 'yar Oddvar.

"Abin da ya ɗaure min kai," in ji Ingunn, "man iri ɗaya ne sak, daga bakin mashigi har ƙurya."

Steinar ya dubi surukinsa. "Baba, yau ba magana? Kofinka ya huce."

 Oddvar ya san in ya buɗe baki, ƙila shi da jirgin binciken sai hange. Can ya zaro gwangwanin ya ajiye gaban Ingunn.

"Ƙarfen cafko lakar nan ne, 'yata. Kuka yake kamar an taka kyanwa. Ɗan kaɗan na shafa."

"Sau nawa?"

"Kowace safiya."

Ba wanda ya yi dariya. Ingunn ta buɗe gwangwanin, ta shinshina, ta jefa shi a jaka.

"Gobe mu koma. Wannan kuwa ya zama nawa."

Aka wanke ƙarfen tas, aka sake ɗiba. Yini guda yana ƙiii, Oddvar na cije leɓe, hannuwa a aljihu. Lakar ta fito ba ɗigon man inji, jirage suka ci gaba da fita.

Ba a sallame shi ba. Sai dai har ya yi ritaya, duk ranar ɗibar laka, Borghild ke tare shi a bakin ƙofa ta caje aljihunsa.