Shamuwar Bayan Madubin Kaka

Jiya 'yan sandan Aljeriya suka kwashe maƙwabtanmu zuwa iyakar Nijar. Ina haɗa kayana na tarar da madubin tagullar da wata Bajapaniya ta ba Kaka, lokacin da take dafa wa masu hawan dutsen Assekrem abinci.

Kullum bayansa take gogewa da toka da lemun tsami, inda tsuntsaye biyu suka buɗe fukafukai bisa igiyar ruwa.

Na taɓa ce mata, "Kaka, tsuntsayen Japan ne fa."

"Ke da bokonki! Shamuwa ce, gida Damagaram za ta."

A nan Tamanrasset aka binne ta. In an kwashe ni, wa ya san kabarinta? Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, ko babu naki a garin nan.