Ƙafar Hagu da Hanyar Gabas

Ƙungiyar ƙwallonmu ba ta taɓa samun fili nata na kanta ba. A Jazira, yankin da muke zaune, ƙasa ta auduga ce, ba a bar wa wasa ko taku ɗaya ba. Sai dai kowace shekara akwai gonakin da ake bari su huta, bur muke ce musu, to a nan muke kafa sandunan raga. Da lokacin huɗa ya zo sai mu tuge sandunanmu, mu saɓa a kafaɗa, mu nemi wani bur ɗin. Bana muna yamma da ƙauye, baɗi muna bayan tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Baƙin da kan zo karawa da mu daga garin Hasahisa sai sun yi ta tambaya kafin su gano inda muka koma.

Abin bai taɓa damunmu ba, domin duk ƙauyen zaman jiran tashi yake yi. Iyayenmu sun baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya cirar auduga don su ƙara. Aka haife mu, muka yi wayo, muka fara aske gemu, amma ka tambayi kowane tsoho zai ce maka shi baƙo ne, kan hanya yake. Mahaifina bai taɓa dasa itace a gidanmu ba. Wai wa zai sha inuwar?

Larabawa kura suke ce wa ƙwallo, mu ma da haka muka tashi. Tsofaffinmu kuwa kura ɗaya suka sani, mai cin awaki. In suka gan mu da yamma mun nufi fili sai su ce, "Ga su can, za a wasa da kura. Allah shi sa ta bar muku ƙahwahu."

Samarin da ke riƙe da ƙungiyar yanzu sukan tsare ni da Larabcinsu, wai in ba su labarin 'yan wasan farko, wa ya kai ina. Haushi nake ji, don babu wanda ya daɗe balle ya kai. Mai tsaron gidanmu, wanda ke cafe ƙwallo da hannu tsirara kamar shaho ya ga ɗan tsako, ya ji ana ɗaukar leburori a ginin dam ɗin Rusairis, ya tafi, ya yi aure a can ya zama masunci. Dogon da ke tsare mana baya ya zama yaron mota, daga baya direba a hanyar Dinder, in ya wuce ta ƙauye sai dai mu ji hon. Wasu ana tsakiyar kakar wasa ubanninsu suka ce a ɗaure kaya, muka zo fili muka tarar babu su. Ni da nake buga gefen dama ban je ko'ina ba, da ma bakina ya fi ƙafata gudu.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ya zama ɗan ƙwallo na gaske, shi ne abokina, bahagon da ke buga gefen hagu. Siriri ne, ba shi da magana. Ƙasar Jazira baƙa ce, in rani ya yi takan tsage har ƙafar yaro ta faɗa, ƙwallo kuwa in ta daki tsaga ba wanda ya san inda za ta nufa. Ban da shi. Ba takalmi yake gudu a kai, kuma duk inda ta yi tsalle sai ka tarar ƙafarsa ta hagu ta riga ta zuwa. Sau da yawa ni kaina nakan tsaya ina kallo a tsakiyar wasa har a zage ni.

Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifinsa, uwarsa kuma ta rasu. Tsohon ba ya cikin masu faɗin Makka da baki kawai. Haraminsa, fararen ƙyallayen nan biyu na aikin hajji, yana naɗe a akwati, kowace shekara sai ya fito da shi ya shanya saboda gara. Matsalar ita ce idonsa ya fara hazo, ba zai iya tafiya shi kaɗai ba. Yaron nan yake jira ya ƙosa ya riƙe masa sanda.

Shekarar da auduga ta yi kyau guzuri ya cika, tsoho ya ce da an gama cira za su tashi. A ranin nan kuma wasu mutane daga wata babbar ƙungiya ta birnin Madani suka zo kallon wasanmu, suka ce bahago suke so. Kwana da kwanaki abokina bai ci abincin kirki ba. Ya zauna ya tashi, ya je bakin tur'a ya dawo. Ni kuwa ina gefe ina hura wuta, kuma duk wanda ya ga ƙafar nan da ya hura. Daga ƙarshe na raka shi wurin tsoho, muka same shi a rumfa yana tufkar igiya.

Abokina ya durƙusa ya ce, "Baba, kaka guda nika roƙo. In buga musu kaka guda, in dawo mu tashi."

Tsoho ya ajiye igiya ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba. "Kaka guda," in ji shi. "Ranar da munka sauka garin ga, abin da nic ce ma uwarka ke nan. Kaka guda mu ciri auduga mu wuce. Ga ka nan da gemu."

Bakina da ba ya rufuwa ya ce, "Baba, ai Makka ba ta gudu."

Ya juyo da idanun nan masu hazo wajena. "Ita ba ta gudu, ɗan nan. Ni ka gudu." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, can ya ce wa ɗansa, "Shi ke nan, tahi. Ina jiranka."

Ya tafi. A Madani aka fara sa masa takalmin ƙwallo, ya yi ta ɗingishi da bororo kafin ya saba. Da ya saba kuwa sai labari ya fara zuwa. Mukan hau bayan lori mu je kallo, mu ga mutane cike da fili suna ihu in ya taɓa ƙwallo, mu riƙa zungurar na kusa da mu muna cewa ɗan ƙauyenmu ne. Ban taɓa jin alfahari irin wannan ba, kuma ban sake ji ba.

Kaka guda ta zama biyu, biyu ta haifi ta uku. Yakan zo gida da sukari da sabuwar jallabiya, tsoho ya shafa yadin ya ajiye a gefe. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Kakar ta ƙare?" Abokina ya ce ana maganar kofi, ko ana maganar kai shi babban birni, a ɗan ƙara haƙuri. Daga nan zama ya gagare shi. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya duba rana, kafin la'asar ya kama hanya. A fili ba wanda ke iya tare shi, amma a rumfar ubansa ko shayi ba ya iya shanyewa.

Wasansa na ƙarshe ban gani ba, shi ma bai san na ƙarshe ne ba. A makon ne ciwo ya kwantar da tsoho, ido kuma ya riga ya tafi gaba ɗaya. Wata safiya ya aika a kira ni, ya ce in nemo masa ɗansa, in kuma tara masa 'yan kurarmu masu ƙarfin kafaɗa. Na gane abin da yake nufi. Tsofaffinmu sun riƙe cewa wanda ajali ya riska a kan hanya da niyyar hajji, Allah ba ya hana shi ladan. Ba ya son ya cika a ɗaki kamar mazaunin gari.

Na ba dogon direba saƙo. Washegari da hantsi abokina ya shigo da ƙura har gira, ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, na zo. Mu kai ka asibitin Hasahisa."

"A'a," in ji tsoho. "Gabas."

Muka ɗaga angarib ɗin da yake kwance a kai, gadon nan na igiya, mu huɗu, sauran 'yan wasa suna biye don karɓa. Abokina ya kama ƙafar gaba. Muka fita daga ƙauye mata suna tsaye a ƙofofi, muka bi gefen tur'a muka nufi kogi, inda jirgin fito ke ƙetarar da mutane. Rana ta buɗe. Duk wanda kafaɗarsa ta gaji wani ya shiga, amma shi ya ƙi a karɓe shi.

Can muka ji muryar tsoho daga sama. "Mun tashi?"

"Mun tashi, Baba."

"Ina munka kai?"

Ko ɓacewa ƙauye bai yi ba a bayanmu. Abokina ya ce, "Mun wuce gadar tur'a."

"Madalla. Kar a aje ni. In an aje, zama ya samu."

Sai ya fara labbaika a hankali, muna amsawa da numfashin da ya rage mana. Ban san daidai inda ya yi shiru ba. Hannunsa na ga ya sauko yana reto a gefen gado. Na matsa kusa da abokina na ce masa, "Ɗan'uwa, ya cika. Mu sauke."

Bai waiwayo ba. "Ya ce kar a aje shi."

Haka muka ci gaba har ƙasa ta ƙare a bakin kogi. Jirgi yana can ɗaya gaɓar, ta gabas. Wani daga cikinmu ya ce a sauke a yi masa sutura a koma da shi gida. Abokina ya girgiza kai, rigarsa ta manne da jini a kafaɗa, hawaye yana wanke ƙurar fuskarsa.

"Ba wannan gaɓa ba," ya ce.

Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a fili ba ya shiga ƙwala wa mai jirgi kira har muryarsa ta dushe. Muka tsaya cikin rana da gawa a kafaɗa muna jiran jirgi ya ƙetaro, ba wanda ya sake cewa a sauke.