Finjalin Sarjan Bukari na Uku

Har yau ban manta da ranar da Sarjan Bukari ya ƙi shan finjalinsa na uku ba. Ku masu tsaron irin ɗakunan nan yanzu, da agogonku a bango, ku saurara ku ji yadda muka yi da babu shi.

'Yan shekaru ne bayan Aljeriya ta samu 'yancin kai, ragowar sojojin Faransa suna kwashe kayansu. Alhaji Issufu, mutumin Damagaram mai kanti a bakin kasuwar Tamanrasset, ya sayi teburin biliyar a hannunsu, ya kafa shi a ɗakin bayan kantinsa. Ga wanda bai sani ba, tebur ne mai shimfiɗar koren ƙyalle da ramuka shida, ana zungurar ƙwallaye da sanda har su faɗa. Manyan maza masu gemu, aikinsu ke nan. Ni kuwa mijina ya rasu, ba ni da kowa a garin. Alhaji ya ɗauke ni in yi shara, in dafa shayi, in karɓi kuɗin tebur, in kuma kwana a zauren kantin.

Tsarin da ya gada wurin Nasara shi ne a biya kuɗin kowane wasa, wasa kuwa ba ya ƙarewa sai baƙar ƙwallo, wadda ita ce ta ƙarshe, ta shiga rami. Nasara sukan jefa ta su tashi. Mutanenmu kuwa nan da nan suka gane cewa muddin baƙar tana kan tebur, ɗakin nasu ne. A waje rana tana dafa kai, a ciki ga sanyi ga randa. Sai a yi ta zagaya ta tun hantsi har la'asar a kan kuɗin wasa ɗaya.

Gwaninsu shi ne Sarjan Bukari, tsohon soja daga Maraɗi. In ya zungura, baƙar ta je bakin rami ta leƙa ta dawo, sai ɗaki ya ɗauki ihu: "Da gangan ya ƙi ta!" Shi kuma ya murza gashin baki.

Ƙyallen tebur yana ta cinyewa, ga shi sai daga Alje, babban birnin ƙasar, ake kawo sabo. Rannan Alhaji ya kira ni.

"Inna Dije, teburin nan bai ciyar da kansa ba, balle ke. In watan nan ya mutu a haka, sayar da shi zan yi, in zuba buhunan dabino a ɗakin."

Na ce, "Ni fa, Alhaji?"

Ya ce, "Dabino ba ya shan shayi."

Ya gwada auna musu lokaci da agogon hannunsa, suka rantse agogon Alhaji da gudu yake tafiya. Daga nan muka koma ga shayi. A garin nan, al'adar Abzinawa ce kowa yake bi: ana shan finjali uku daga buta ɗaya, in ka sha na uku, zama ya ƙare, sai ka tashi. Muka sanar cewa daga yau kuɗin tebur na zaman shayi ɗaya ne, a jefa baƙa ko kada a jefa.

Ranar farko Sarjan ya sha na ɗaya, ya sha na biyu, ya yaba. Na ajiye masa na uku a gefen tebur, ya yi kamar bai gani ba.

"Sarjan, shayinka."

"Ya yi zafi, Inna."

Na jira. "Sarjan, ya huce."

"Ni kuma mai sanyi yana ɓata mini ciki."

Aka yi dariya. Na san in ya ci wannan, gobe kowa zai bar na uku, ni kuma in ɗaure tabarmata. Na wanke buta, na zuba sabon ganye, na ƙara gawayi. Da ya nuna, na tsallake Sarjan na miƙa finjalin farko ga masu jiran tebur, wasu shuferorin kamiyo, wato direbobin manyan motoci, daga Agadas da wani dattijo Ba'abzine mai sayar da raƙuma, Ahmadu.

Ahmadu ya riƙe finjalin bai sha ba. Ya ce, "Sarjan, a wurinmu wanda ya bar na uku ya zagi mai dafawa. Me tsohuwar nan ta yi maka?"

Sarjan ya ɗauki finjalinsa ya kwankwaɗe, ya ce, "To, bari in jefa ta ku huta." Abokin wasansa ya ja da baya, ya ce a bar gwani ya gama da kansa.

Ya zungura, ta leƙa ta dawo. Ya sake, ta wuce can wani gefe. Ya shafa wa bakin sanda alli, ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wani shufer ya ce, "Sarjan, ai yanzu an ba ka izini, kana iya jefawa."

Ni dai bakina bai iya riƙe abu ba. Na ce, "Ashe duk watannin nan ba ƙi kake yi ba, kasawa kake yi."

Ya ajiye sanda, ya biya, ya fita. Daga baya yakan zo ya sha shayi a bakin ƙofa yana koya wa mutane yadda ake riƙe sanda, amma bai sake taɓa ta ba. Alhaji bai sayar da tebur ba, na kuma daɗe a wurin har gwiwoyina suka gaji.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a kada ku bar wa mai wasa ikon cewa wasa ya ƙare, don ba zai taɓa cewa ba. Kuma in kun ga an cika yi wa mutum kirari a bakin tebur, ku karɓi kuɗinku tun kafin a ce ya nuna abin da ya iya.