Zoben Mai Randa

Shekara goma sha tara nake zaune gida ɗaya da surukata, kuma har yau Amarya take kirana, alhali babbar 'yata ta fi ni tsawo. Mu Inna muke ce mata. Mutanen unguwa kuwa Mai Randa suka sani, ko ɗan yaye ka tambaya zai nuna maka gidan da hayaƙi ya baƙanta katangar bayansa.

Wurin kakarta ta koyi ginin tukwane tun tana 'yar shekara bakwai. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, da yumɓu ta ci da su, ta yi musu sutura, ta sa su makaranta. Robobi suka zo, abokan sana'arta suka watse ɗaya bayan ɗaya, ita ko gezau. Takan ce duk wanda ya san sanyin ruwan randa, ƙafarsa za ta kawo shi. Suna kuwa zuwa.

Ba zan ce miki mace ce mai sauƙin hali ba, don ban iya ƙarya da rana tsaka ba. Idan ka taka mata yumɓun da ta kwaɓa, sai ka gwammace ka taka wutsiyar maciji. Amma duk faɗanta akwai doka ɗaya da ta fi ƙarfin kowa, har ita kanta: abin da ya tsage ba ya fita gidan nan.

Tsagar da take nufi ba wadda ido ke gani ba ce. Randa takan fito daga wuta jawur, sumul, ga ta kamar ka lasa, amma a cikin jikinta akwai tsaga siririya kamar gashi. Sai an kai ta gida an cika ta da ruwa, bayan sati biyu a ga ƙasa ta jiƙe. Kunne kaɗai ke kama irin wannan. Don haka duk ranar da aka kwashe gashi, wato kayan da aka gasa a wuta, Inna takan zauna a kan kujerarta 'yar tsugune, a jera mata kaya, ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da wani zoben tagulla da ke ɗan yatsanta na tsakiya. Zoben na kakarta ne, gefe ɗaya har ya lotse. Lafiyayyar randa takan amsa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ta yi wani ɗif kamar mai mura. Wadda ta amsa, Inna ta ja mata layi da alli a wuya. Wadda ba ta amsa ba, nan take za ta fasa ta, a daka tsingaron a mayar cikin sabon yumɓu.

Ni ba ta taɓa koya mini komai ba. Aikina ɗaukar ruwa, tankaɗe ƙasa da jera itace. Na taɓa cewa zan gwada gina ko da kasko ne, ta dubi hannuna ta ce, "Amarya, waɗannan yatsun naki na lalle ne, bar su su huta." Na ji haushi, na kuma riƙe abin a raina shekara da shekaru.

Bara, wata safiya, matar wani mai gyaran keke ta yi sallama da randa a ka. Shekara ashirin tana sayen kayan Inna. Allah ya sa ni ce a zaure.

"Wallahi kunya nake ji," in ji ta, "amma yoyo take yi. Ga allin Inna nan a wuyanta, ni ma abin ya ɗaure mini kai."

Na sauke randar, na ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsana ba tare da na yi tunani ba. Ɗif. Abu biyu na gane a lokaci ɗaya. Na farko, ashe na iya. Zama da maɗaukin kanwa ya kawo mini farin kai ban sani ba. Na biyu, Inna ta daina ji. Sai a lokacin na tuna yadda rediyonta ke ƙara ƙarfi kullum, da yadda take yi wa jikokinta faɗa wai sun koma magana a ciki.

Na canza wa matar wata randa, na roƙe ta ta rufa mana asiri. Da maigidana ya dawo daga kasuwa, shi ne ke tura kayan a amalanke, na faɗa masa.

"Kada ki soma," ya ce. "Kunnen nan shi ne abin taƙamarta. In kika gaya mata, kin kashe ta da ranta."

"To, a ci gaba da sayar wa mutane rariya?"

Ya sosa ƙeya, ya ce in yi dabara. Haka maza suke, su kawo hukunci su bar maka dabara.

Dabarar da na yi ita ce: idan Inna ta gama gwajinta ta shiga ɗaki hutun rana, sai in bi bayanta in sake ƙwanƙwasawa. Duk wadda ta yi ɗif sai in ɗauke in kai tsohon ɗakin ajiya da ke bayan murhu, in rufe da buhu. Ban fasa su ba don kada ta ji ƙarar, saboda a lokacin ban san iyakar abin da take ji ba. Inna ba ta ƙirga kaya, takan ce ƙirga na kore albarka, wannan ya taimake ni. Wata takwas ina haka. Ba wanda ya sake dawo da ko tulu ɗaya, mutane na ta yabon kunnen Mai Randa, ni kuwa ina jin kaina wata gwana mai tausayi.

Kaza ce ta tona mini asiri. Wata baƙar kazar Inna ta ɓata kwana uku, ta bi sawunta har ɗakin ajiya tana neman inda take ƙwai. Ina cikin wanke-wanke na ɗaga kai na ga ƙofar a buɗe. Na iske ta tsugune, ta yaye buhunan, ga randuna da tuluna jere har bango, kowace da allinta a wuya. Tana ƙwanƙwasa ɗaya da zoben, ta kara kunne, ta sake ƙwanƙwasawa. Ni daga bakin ƙofa ina jin ɗif, ɗif. Ita fuskarta ba ta nuna ta ji komai ba.

Ta juyo ta dube ni. "Duk tsagaggu ne?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Na nuna mata yatsu takwas, kowane yatsa wata ɗaya.

Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi ɗin. A hankali ta ce, "Wata takwas ina zaune a tsakar gida ina ƙwanƙwasa iska, kuna kallona kamar yarinya mai wasan 'yar tsana. Kurumta daga Allah ce, Amarya. Wannan kuwa daga gare ku ne."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauka mutuncinta nake karewa, ashe wawuya na mayar da ita a cikin gidanta.

Kwana tara ba ta taɓa yumɓu ba. Wanda ta kwaɓa ya bushe ya tsattsage a ƙarƙashin tsumma. Takan zauna a ƙofar ɗaki hannuwa a cinya, hannuwan da ban taɓa gani da tsabta haka ba. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa, ni kuwa tsoro ya kama ni cewa shi ke nan, mun rufe sana'ar shekara sittin da hannunmu.

Rana ta goma na ji ana fashe-fashe a bayan murhu. Ita ce, da taɓarya, tana bin tsagaggun nan ɗaya-ɗaya. Ba ta ce in taya ta ba, ban kuma tambaya ba, na ɗauko turmi na fara daka tsingaron. Sati uku muna aiki ba mai ce wa wani ci kanki.

Ranar da aka kwashe gashi, ta zauna a kujerarta, aka jera kaya. Sai ta shiga murza zoben, da ƙyar ya wuce gaɓa, ya bar farar shaida a yatsan. Ta miƙo mini tare da allin.

"Ungo. Yatsun lallen nan su yi amfani yau. Amma da sharaɗi: abin da kika ji, ki faɗa mini da baki, yadda zan ji."

Ta ɗora tafin hannunta a cikin randar farko. Babba ce, ta fi kowace kyau, kwana huɗu ta yi tana gina ta. Na ƙwanƙwasa. Ɗif. Na sake, ko Allah zai sa kunnena ne. Ɗif.

"Ta tsage, Inna," na ce, kaina a ƙasa.

"Me kika ce?"

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba, na cika ƙirji na kwarma ihu, "TA TSAGE, INNA!"

Kaji suka watse. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana salati, wai yau Amarya ta fara yi wa surukarta tsawa. Inna kuwa tana ta shafa wuyan randar, idanunta sun kawo ruwa. Can ta ɗaga ta da hannu biyu ta sake ta a ƙasa.

"Rabon da in ji magana tar a kunnena haka, an fi shekara," ta ce. "Jawo ta gaba."