Na Bi Kan Maciji Na Bar Innata

Lokacin da abin nan ya faru ni mai kitso ce a wani shagon gyaran gashi a unguwar Deira ta Dubai, ina kwana a Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da wasu mata da ba ma jin yaren juna. Gado da labule ne kawai nawa. A gida an san ni da surutu da saurin fushi, amma a Dubai bakin nan nawa ya rasa abokin hira, ranar hutu sai in wuni kwance ina kallon silin. Mutum ɗaya ce a duniya take tambaya ko na ci abinci, Innata, ta wayar yayana. Ta tsufa, mantuwa ta fara kama ta, kuma kullum roƙonta ɗaya ne, in zo hutu ta gan ni tun tana gane mutane.

Akwai wata kwastoma 'yar gayu da nake yi wa kitso, mai duban taurari ce, ba zan faɗi ƙasarta ba. Rannan ta ga idona ya kumbura, ta ce in ba ta rana da wuri da lokacin da aka haife ni. Na karanto mata ranar da ke cikin fasfona. Lokaci kuwa kunya ta hana ni cewa a ƙauyenmu ba a duba agogo in mace na naƙuda, sai na ce da safe ne. Ta danna waya, ta nuna mini wata da'ira an yanka ta gida goma sha biyu kamar kankana, da wasu alamu biyu suna fuskantar juna. Ta ce nan ne hanyar wata take gittawa ta hanyar rana, ana kiran ɗaya kan maciji, ɗayar wutsiya. Wutsiya ita ce abin da mutum ya saba da shi, mai jan sa baya, kan macijin kuwa shi ne inda rabonsa yake. Ni wai wutsiyata ta faɗa gidan uwa da dangi, kan kuma yana gidan sana'a da ɗaukaka.

Tsakani da Allah matar nan ba ta ce in yar da uwata ba, cewa ta yi in rage waiwaye, shwayya shwayya, wato kaɗan-kaɗan. Ni na ƙara gishiri. Na san duba haramun ne, tun muna makarantar allo aka gaya mana, amma maganar ta yi mini daɗi, domin ta mayar da kaɗaicina abin alfahari. Ashe ba yasasshiya ba ce ni, hanyar rabona nake bi. Daga nan in waya ta yi ƙara na ga yayana ne, sai in ce a raina wutsiya ce ke ja, in kife wayar. Hutuna ya zo na ƙi tafiya, na zauna ina kitso. Da yaya ya matsa cewa Inna tana cigiyata har cikin barci, na buɗe masa wuta, na ce kowa ya ji da kansa, ba ni kaɗai ta haifa ba. Ya ce Allah ya shirye ni, bai sake kira ba. Sai ɗakin ya ƙara yi mini shiru, ni kuwa don taurin kai na ɗauka alamar ci gaba ce.

An daɗe kafin matar ta dawo shagon. Ina cikin tsaga mata kai, hira ta kawo na ce Inna takan ba da labari cewa tana dawowa daga noman gyaɗa, ana yayyafi, naƙudata ta kama ta. Matar ta ɗago ta ce ai a lissafinta a farkon Janairu aka haife ni, ko ana ruwa a ƙasarmu a lokacin. Ɗaya ga Janairu ɗin nan mutumin da ya yi mini takardun tafiya ne ya ƙirƙiro ta, har ya rage mini shekaru don biza ta fito da sauƙi. Yawan maimaita ta a ofisoshi ya sa na manta ba tawa ba ce. Na faɗa wa matar haka, ta sa damina da shekarar gaskiya a wayarta, alamun nan biyu suka tashi suka koma wasu gidaje. Ta yi dariya, ta ce khalas habibti, wato shi ke nan ƙawata, wancan duban ba nawa ba ne, na wata ne da ba a taɓa haifa ba.

Ina fita na kira yaya, na ba shi haƙuri ina kuka, ya miƙa wa Inna wayar. Ta gaishe ni da ladabi yadda ake gaida baƙuwa. Na ce ni ce, autarta. Ta ce Allah sarki baiwar Allah, ita ma tana da auta a Dubai, mai kitso, yarinyar kirki, aiki ne ya yi mata yawa shi ya sa ba ta kira. Ta roƙe ni in na haɗu da ita in ce ta zo gida. Na je gidan daga baya, na zauna a gabanta, na riƙe hannunta, saƙon nan dai ta sake ba ni.

Na yi istigfari, ina kan yi. Abin da na gane shi ne kaɗaici yana sa mutum ya kama duk maganar da za ta wanke shi, ko daga bakin wa ta fito. 'Yan uwana da ke ƙasar mutane, ku guji masu duba, na waya da na zaure, kada kuma ku yarda wani ya kira iyayenku abin da ke jan ku baya. In sun kira ku ɗauka, ko kuna tsakiyar aiki. Ni yanzu duk Juma'a ina kiran Inna, kuma duk Juma'a sai na yi mata alkawarin zan nemo mata 'yarta.