Motar Baba a Cikin Ruhewa

Motar Baba ta girme ni da shekara biyu, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi ni samun kulawa. Fara ce, irin mai zaki a goshi, cikin waɗanda ake haɗawa a Kaduna zamanin da. Ya saye ta da guminsa lokacin da yake tuƙa masu sayen auduga tsakanin Anka da Gusau, ya riƙe ta har sa'o'inta duk suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Kujerunta na asali ne, fentinta ma haka. Inna takan ce da mota tana cin tuwo, ita za a fara kwashe wa. Ni ina koyarwa a wata firamare a Bukkuyum, duk ƙarshen mako in na zo ƙauyenmu sai in tarar da shi kwance ƙarƙashinta, ƙafafu kaɗai a waje, daga nan zai amsa gaisuwata.

Masu niƙa dutsen zinari ne suka fara sa mata ido. Ba motar suke so ba, injin suke so, wai irin wannan tsohon inji ba ya gajiya, a ɗora shi a kan katako ya yi ta juya musu maniƙa. Sau uku suna aikowa a taya, Baba yana korar ɗan aiken. Bayan na ukun aka wayi gari an ɓalle kwaɗon rumfar da take ciki, an ɗauke batir, an soma sassauta notocin injin. Da alama wani abu ne ya firgita su suka gudu. Daga ranar Baba ya tura ta can ƙuryar gida, bayan ɗakin Inna, bai sake fitar da ita ba.

Sai kuma mutanen daji suka matso. Haka muke kiran 'yan bindiga, don ba a son ambaton sunansu da ƙarfi. Da suka ɗauki mutum huɗu a gonakin gabas, muka yanke shawarar komawa Gummi, inda mijin yayata yake da ɗakuna biyu ba kowa. Nan aka tsaya a kan mota. A lokacin duk motar gida da ta bi hanyar nan sai an tare ta, wanda ke ciki kuma an ɗauke shi mai kuɗi ke nan. In an bar ta, masu inji ba za su yi mako ba su mayar da ita ƙwarangwal. Baba ya ce in ba da ita ba, ba inda za shi. Inna ta yi kuka har ta gaji, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Ni na kawo shawarar da ta raba gardama, na kuma daɗe ina yaba wa kaina.

A wajenmu babban rumbun ƙasa ruhewa muke ce masa, kuma ruhewar mutum ba a taɓa ta. Mai gida ne ke hawa tsani ya liƙe bakinta da laka da hannunsa, shi ne kuma zai fasa. Inna ta yi shekara arba'in a gidan nan ba ta taɓa leƙa cikin rumbun Baba ba. An sha satar akuya a ƙauyenmu, an sha satar babur, amma ban taɓa jin an fasa ruhewar wani ba, don ana ganin wanda ya yi haka shi da albarka har abada. Na ce wa Baba mu gina ruhewa mu zagaye motar da ita. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ashe bokon nan bai tafi a banza ba.

Wani magini abokinsa na ƙuruciya ya kira, ya sa shi ya yi rantsuwa. Muka ɗaga motar a kan duwatsu don kada tayoyi su lalace, muka tsiyaye mai, muka rufe ta da tabarmi. Magini yana ɗora zagaye ɗaya a rana, ya bar shi ya sha iska, washegari ya ɗora wani. Har duwatsun gindi ya jera mata a waje, yadda duk mai kallo zai ce a kansu take zaune. Ni kuma na bi majalisa ina yaɗa cewa an sayar da mota ga wani mutumin Sakkwato, ya zo ya ɗauke ta ranar kasuwa gari ba kowa. Da kan ruhewa ya fara leƙowa ta saman katanga, maƙwabta suka riƙa tsokanar Baba wai bana hatsin lardi duka zai saye. Da kaka suka ga dammunan dawa suna shiga gidan. Ba su ga an sussuke su an fitar da buhuna kaɗan-kaɗan zuwa Gummi ba.

Mu huɗu muka san gaskiya: Baba, Inna, ni da magini. Ba a gaya wa Gwaggo ba, ƙanwar Baba, wadda gidanta ke jingine da namu, don Baba ya ce bakinta ba ya riƙe magana. Mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku da ɗanta ya bar mata ya tafi kudu neman abin yi. Mun ce ta biyo mu, ta ce ita ba ta iya zaman birni ba. Muka tafi muka bar ta.

Da damina ta faɗi, mutanen daji suka hana zuwa gonakin nesa. Waɗanda suka rage a ƙauyen, yawanci tsofaffi da marasa inda za su, suka cinye abin da ke hannunsu tun kafin gero ya yi kai. Ana tsakiyar marka wayar Baba ta yi ƙara wata safiya muna karyawa. Gwaggo ce, ta hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, da wayar aro.

"Yaya, ba don kaina nika roƙo ba," in ji ta. "Ɗiyan nan kwana huɗu ke nan ganyen tahwasa kaɗai suka ci, ko gari babu. Ka ba ni izini a buɗe ruhewa, ko damma biyu a hidda mini."

Baba ya ajiye kofin kunu. Ya ce mata bari ya yi shawara, ya kashe wayar.

Ranar na yi masa maganar da ban taɓa yi ba. Na ce ya kira ta ya faɗa mata gaskiya. Ya ce a kan tudun nan mutum goma ke layin waya, cikinsu kuma akwai masu kai wa daji rahoto, in ya faɗa da safe, kafin azahar motar ta zama ta wasu. Ya ce mu aika mata da masara. Na zagaye tashar Gummi kaf, ba direban da ya yarda ya bi hanyar sai ranar kasuwa, lokacin da sojoji ke yi wa motoci rakiya, kuma saura kwana biyar. Na yi ta masifa a tsakar gida ina cewa ƙarfe ya fi masa jininsa. Amma lambar wayar aron nan tana hannuna, ni ma ban kira ba. Na ce wa raina kwana biyar ba su da yawa.

A kwana na uku magini ya kira daga ƙauye. Mutanen daji sun hango ruhewar ta saman katanga, sun aiko cewa za su zo washegarin kasuwa su buɗe da kansu. Mun ɓoye mota a cikin abin da yanzu ya fi komai daraja a ƙasar nan, mu da wayonmu ba mu taɓa kawo haka a rai ba. In suka fasa suka ga ba hatsi, motar za su ƙone, wataƙila har da gidajen da ke kusa.

Ranar kasuwa ni da Baba muka hau a-kori-kura a bayan motar sojoji, da buhun masara biyu, da batir, da jarkar mai, da famfon taya. Direban ya sauke mu a mararraba, ya ce rakiya za ta dawo kafin la'asar, sau ɗaya tak, ba a kuma jiran kowa. Masu babur biyu suka ƙarasa da mu ta cikin taɓo.

Tun daga nesa na gan su. Kusan duk wanda ya rage a garin yana zaune a ƙofar gidanmu, mata da ƙorai a cinya, maza da buhuna a naɗe. Labari ya kai musu cewa Baba zai zo ya buɗe. Ruwa ya kayar da katangar ta gefe guda, ko akuya za ta shiga ba wahala, amma lakar da Baba ya liƙe bakin ruhewa da ita tana nan yadda ya bar ta. Sun yi wata biyu suna kallonta da yunwa, ba wanda ya kai hannu. Gwaggo tana gaba, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na duba yaran da ke jikinta na ga biyu. Na kasa tambaya.

Wani ya kawo tsani ya jingina, Baba bai dube shi ba. Ya karɓi diga a hannun magini ya sari ruhewar ta gefe. Mutane suka soma gunaguni, don ba a fasa rumbu ta ciki sai in mai shi ya zauce. Ya yi ta sara, laka tana zubowa, har rami ya buɗe. Ya sa hannu ya janye tabarma, farin fenti ya bayyana.

Wani tsoho ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Gwaggo ta tashi a hankali ta zo ta sunkuya ta leƙa. Ta shiga ta ramin, ta zagaye motar, har but ɗin baya ta ɗaga ta duba, ko da wani abu a ciki. Sannan ta fito ta tsaya gaban Baba.

"Yaya, abin da ka ruhe ke nan?"

Baba ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Sau biyu mutane sunka tashi zuwa Anka, sunka ce in biyo su, nic ce a'a. Nic ce yayana ya bar hatci, ranar da ta yi tsanani za shi buɗe muna. Ita nika kallo kullum da sahe in ji sanyi." Ta gyara zanenta. "Shekaranjiya munka kai ƙaramar makwancinta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage shi da na fi samun sauƙi. Baba ya saki digar ya zauna a kan tarin laka. Ni kuwa kunya da tsoro suka haɗu suka kama ni, ga inuwa ta soma karkata.

Liman ya karɓi buhunan yana rabawa da mudu, ba su je ko'ina ba. Ni da magini muka faɗaɗa ramin, muka sauke motar daga duwatsu. Na bubbuga iska a tayoyi, na zuba mai, na haɗa batir. Na murza, ta yi tari ta mutu. Na sake, haka. Ana cikin haka muka ji ƙarar babura daga gabas, da yawa. Kowa ya sandare a inda yake, wata mata ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu. Ƙarar ta matso, ta matso, sannan ta karkata kudu ta yi nisa.

Sai an tura ta, na sani. Da wane ido zan roƙi mutanen nan? Ban roƙa ba. Tsohon da ya yi dariyar nan ne ya fara ajiye buhunsa ya dafa bayan motar, wasu biyar suka bi shi. Mutanen da suka daɗe ba su ci abin kirki ba suka tura ta ta ƙofar gidanmu ta langa-langa zuwa gangaren masallaci, ina jin numfashinsu ta taga. A turi na uku ta kama. Har yau in na tuna hannayensu a kan farin fentin nan sai in ji na tsani kaina.

Baba bai karɓi sitiyari ba, ya zagaya ya zauna a gefe. Na roƙi Gwaggo ta shiga. Ta ɗauki yaran biyu ta sa su a kujerar baya, ta rufe ƙofa, ta ce ita ba za ta shiga wannan motar ba, za ta biyo a-kori-kura kasuwa mai zuwa. Haka kuwa ta yi. Na tuƙa cikin taɓo ina kallon madubi fiye da hanya. Mun iso mararraba motar ƙarshe ta rakiya tana wucewa, na manne mata har Gummi. A hanya ƙaramin yaron ya tambaya ko a can akwai tuwo.

Motar tana Gummi yanzu, ba abin da ya same ta. Baba ya sa na ajiye ta a ƙofar gida, a bakin titi, gilashi a sauke, makulli a jiki. Da farko na ɗauka mantuwa ce, nakan zare makullin in kai masa, ya karɓa ya je ya mayar. Daga baya na daina. An fi shekara tana nan haka, a garin da ba a barin keke a waje, amma ba wanda ya taɓa ta. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya tsaya ya duba wurin. Na san fuskar ubana, ba daɗi yake ji ba in ya tarar tana nan.