Malam Almu da Neman Namijin Bishiya

Malam Almu direban bas ne, shekara ashirin da biyu yana zaga kudancin Landan, amma a Thamesmead ba wanda ke kiransa direba. Mai bishiya ake ce masa. Mutumin Dutse ne, ɗan manomin dabino, kuma tun zuwansa ƙasar nan ya binne ƙwallon dabino ya fi ɗari a ɗan filin bayan gidansa. Su tsiro da bazara, sanyin Janairu ya zo ya kashe su. Har bargon matarsa Hansai ya taɓa ɗauka ya lulluɓa musu, aka yi rigimar da har yau ana tuna masa.

Wata rana a wajen sayar da shuke-shuke ya ga wata 'yar bishiya mai ganye irin na giginya, jikinta buzu-buzu da gashi. Mai shagon ya ce asalinta daga duwatsun China ne, ƙanƙara ba ta dame ta ba. Almu bai yarda ba sam. Ina aka taɓa jin dangin dabino da ba ya tsoron sanyi? Don ya ƙaryata mutumin ma ya saya. To ga shi, shekara goma sha shida, bishiya ta kai tagar bene, dusar ƙanƙara ta sauka a kanta ta narke, ko gezau.

Sai takarda ta zo daga council, wato ƙaramar hukuma: za a rushe layin gidajensu, a watan Fabrairu za a mayar da su wani flat a hawa na shida. Hansai tana tunanin ko kicin ɗin zai ɗauki tukwanenta, shi kuwa yana tsaye a taga. Bishiyar ta fi ƙarfin cirewa, kuma ba ta taɓa ba shi iri ko ɗaya ba. Duk watan Mayu takan yi fure kore-kore, ya bushe ya zube a banza. Almu ya san dalili tun yana bin mahaifinsa gona: mace ce, kuma babu namiji a kusa. A gonarsu yanko furen namiji ake yi a ɗaura a cikin na mace. Wannan Mayun shi ne na ƙarshe, furen kuma ba ya wuce mako biyu.

Daga kujerar bas ya fara neman. Ashe Landan cike take da irin bishiyar nan, shi ne bai taɓa lura ba! Wata a gaban coci, wata a bakin shagon wanki. Ya riƙa rage gudu yana leƙe, har wata fasinja ta tambaye shi ko ya ɓata hanya ne. Amma wannan mace, waccan ba ta isa fure ba. Kwana tara bai dace ba, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

A rana ta goma ya hango fure rawaya, irin na namiji, a wani lungu wajen Plumstead. Yana tashi daga aiki ya nufi can da kayan aikinsa a jiki, yana ta shirya Turancin da zai roƙi mai gidan da shi. Yana shan kwana, me zai gani? Wani dattijo a kan tsani da zarto, yana yanke furannin yana cusawa a kwandon shara. Saura guda ɗaya tal. Turanci ya gudu.

"Kai! Tsaya, don Allah!"

Dattijon ya waiwayo, ya kalle shi sama da ƙasa, shi ma ya amsa da Hausa. "Lafiya, Malam?"

Sunansa Rwang, mutumin Jos, ma'aikacin jinya da ya yi ritaya. Da bishiyar ya tarar da gidan, kuma duk shekara garin furenta sai ya ɓata masa mota.

"Oga, namiji ne fa kake da shi," in ji Almu, yana haki.

"Namiji? Bishiyar?" Rwang ya sauko yana dariya. "To ai sai in bi ka in ga amaryar."

Haka aka yi. Almu ya hau tsani da furen a cikin jakar takarda, ya karkaɗa garin a kan na macen, ya ɗaure da zare yadda mahaifinsa ke yi. Hansai tana riƙe da tsanin tana cewa, "Sannu, waliyyin amarya. In ka faɗo dai ba ruwana."

Da Disamba 'ya'ya suka nuna, baƙi-baƙi, ƙanana kamar wake. Hansai ta ɗanɗana ɗaya ta tofar, ta ce wannan wahalar duk a kan abin da ba a ci? Almu dai ya cika gwangwani biyu da su.

An sare bishiyar a watan Maris. Almu bai je ba, amma ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba.

A barandar hawa na shida guda goma sha huɗu suka tsiro a robobin yogot. Rwang ya zo gani, ya duƙa yana ƙare musu kallo.

"Wanne ne namiji a ciki?"

"Sai sun yi fure za a sani. Shekara goma, ko fiye."

Rwang yana da shekara saba'in, Almu sittin da uku.

"Kwashe su duka, Oga," in ji Almu. "Kai kake da ƙasa, ni baranda gare ni."

Ranar Asabar suka dasa su a gindin ubansu. Almu ya miƙa wa Rwang ragowar zaren, ya sa shi ya gwada ɗaurin sau uku har hannunsa ya iya, ko da lokacin zai zo ɗayansu ba ya nan. Tun daga shekarar, duk watan Mayu motar Rwang rawaya take yawo, bai sake ɗaukar zarto ba.